Rumbuna Huɗu da Suka Hana Ni Lauya a Tunas

A Agadas na fara gane cewa na bar gida da gaske. Na tsaya gaban wata mai fura na ce ta dama mini, ta miƙo ƙwarya, na kurɓa, sai na ji cuku da dabino a ciki. Fura ce, ba laifi, amma ba irin ta gidanmu ba. Na yi tsuru riƙe da ludayi har matar ta tambaye ni ko ƙuda ne ya faɗa ciki.

Sunana Mutari, daga wani ƙauye kusa da Ollelewa a ƙasar Damargu. Na fita 'yan shekaru bayan babban yaƙin Nasara ya ƙare, ina saurayi mai yawan baki da ƙarancin hankali. Niyyata in yi shekara biyu a arewa, in dawo da kuɗin raƙumi guda. Shekara goma na yi, raƙumi kuwa ban samu ba. Abin da na samu a can 'ya ce, kuma labarinta ne wannan, sai dai dole a bi hanya kafin a kai gare ta.

Ayarin da ya ɗauke ni jar fata yake kai wa arewa. Lokacin ayari ya riga ya fara mutuwa, jirgin ƙasa na Kano ya janye kaya, don haka raƙumanmu ba su da yawa. Madugunmu wani Buzu ne, Agali, wanda yakan yini bai yi magana goma ba. Aikina ɗora kaya, sa dabaibayi, da tsintar kashin raƙumi na hura wuta. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Duk dutsen da muka wuce sai na ce ba mu da irinsa a Damargu, duk rijiyar da muka sha sai na ce tamu ta fi zurfi. Rana ta shida Agali ya juyo ya ce, "Bahaushe, bakinka zai shanye maka ruwa." Na yi shiru na rabin yini, daga nan na ci gaba.

A Gat aka fara cutata, kuma da harshena aka cuce ni. Wani mutum ya ji ina ciniki a kasuwa, ya rungume ni, ya ce uwarsa mutuniyar Tasawa ce. Hausarsa ta fi tawa daɗi. Wata biyu ban ji wanda ya ce mini "ɗan'uwa" ba, sai duk jikina ya mutu. Ya dubi tsohuwar salkata ta ruwa, wadda yayana ya jeme da hannunsa, ya ce wannan ba za ta kai ni Gadamus ba. Ya ba ni sabuwa mai sheƙi, ya karɓi tawa da wuƙata a kai. Kwana biyu da barin gari, rana ta narkar da kitse da dabinon da aka toshe hujin da shi, ruwan ya bi cinyar raƙumi ya tafi. Tun daga ranar har muka isa, kullum sai Agali ya tsiyaya mini ƙoƙo biyu daga tasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A Gadamus zazzaɓi ya kayar da ni, ayari ya sayar da fatarsa ya juya ba ni. Wata tsohuwa ce ta tsince ni a gindin bango. An kawo ta garin tana yarinya, daga ƙasar Gobir, Hausarta duk ta zube sai "sannu" da "ci" da "ɗana". Da waɗannan uku ta yi jinyata kwana arba'in, tana ɗura mini kunun sha'ir. Ranar da na fara tashi zaune, ta haɗa kalmomi da ƙyar ta tambaye ni ko har yanzu mata suna daka da asuba a can ƙasarmu. Na ce suna yi. Ta gyaɗa kai, ta fita tana share ido da bakin zane. Na yi kaka guda ina aiki a lambunan dabino, sa'an nan na bi masu jakuna zuwa wani gari da ake kira Gabas, inda na ga teku, daga can na ƙarasa Tunas, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan amalanke.

Tunas gari ne mai farin bango da ƙofofi a rufe. Na sauka wurin Baba Tanko, wani tsohon Bakatsine da ke saukar da mutanenmu, ya ba ni tabarma a ɗaki guda da mutum biyar. Na kama dako a bakin jiragen ruwa. Aikin bai dame ni ba, wuyana mai ƙarfi ne. Abin da ya ci mini rai shi ne, duk baƙar fata a garin suna ɗaya ake kiransa da shi, mai ma'anar bawa. Ni da kakana ya sari dajin da ƙauyenmu yake zaune a kai! Sau nawa na ajiye buhu ina yi wa Balarabe bayanin asalina da Hausa, shi kuwa yana kallona yana jiran in ɗauki kayansa. In hadari ya taso daga teku sai in tsaya ina lissafi, yanzu a gida an yi shuka, yanzu ana noman fari, yanzu gero ya yi ciki. Jikina na Tunas, amma watannina na Damargu ne.

A gidan Baba Tanko na ga Mabruka. A Tunas aka haife ta. Uwarta daga ƙasar Daura aka kawo ta gidan wani attajirin tufafi, aka 'yanta ta daga baya, ta mutu a gidan, Mabruka kuma ta ci gaba da yi musu wanki. Hausarta a karkace take, kuma ba ta jin kunyar yi mini dariya. "Kai da Damargun nan taka," in ji ta, "ko aljanna ce sai haka." Aka ɗaura mana aure a zauren Baba Tanko, shi ne waliyyi, shaidu biyu, aka yi fatiha, aka raba dabino don goro ya yi tsada. Ba wanda ya rubuta komai. Wa ke rubuta aure? Shekara ta kewayo ta haifi mace, na sa mata sunan mahaifiyata, muna kiranta Uwani.

Uwani na da shekara uku tari ya kama Mabruka. Uwargidan attajirin, wadda kowa ke kira Lalla, ta aiko a kai mata yarinyar ta riƙe har uwar ta warke. Na yi godiya, har na ce wa Baba Tanko ashe akwai mutanen kirki. Mabruka ba ta warke ba. Bayan sadakar bakwai na je ɗaukar 'yata, aka ce in dawo gobe. Na dawo, aka ce tana barci. Rana ta uku ta ji muryata daga ciki, na ji tana kiran "Baba" tana kuka, aka ja ta, aka rufe ƙofa. Wani bara ya leƙo ta taga ya ce Lalla ta ce yarinya ta gidan ce, a gidan uwarta da kakarta suka rayu, ni kuma ba su san ni ba. Ba zan yi wa matar ƙarya ba, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma son yarinyar take yi da gaske. Amma 'yata ce.

Na je wurin alƙalin Musulmi. Ya saurare ni, ya tambayi ƙasata, sai ya ce ni talakan Faransa ne, maganata ta gidan shari'ar Nasara ce. A gida Faransa haraji kawai take karɓa a wurinmu, ashe a nan ta zama uwata. A gidan shari'ar Nasara aka ce irin wannan ƙara ba a shigar da ita sai da lauya, su "aboka" suke ce masa. Da na ji abin da lauya ke karɓa, na san ko na shekara ina dako ban ci ban sha ba, ba zan haɗa shi ba.

To, akwai wata doka a wurinsu. Gwamnati takan ba talaka lauya kyauta, in abin da ya mallaka bai kai wani ma'auni da suka yanka ba. Wanda ya gota ma'aunin ko da kaɗan, ya nemi nasa. Akwai wani ofishi na musamman, "biro" suke ce masa, da ke zama ya auna mutum kafin a je ga alƙali. Duk wannan daga baya na san shi. Baba Tanko a bakin wani ya ji, kuma rabin maganar ya kawo mini. Ya ce, "Za su tambaye ka, ka faɗi gaskiya, su ba ka lauya." Ni kuwa na ɗauka shari'ar ce za a fara. A ƙasarmu in mutum ya je gaban alƙali yana neman a ba shi ɗa, abin da ake fara tambayarsa shi ne da me zai ci da shi. Da wannan na kwana, da shi na tashi.

Mutum biyar na tarar a bayan dogon tebur, da tafinta a tsaye. Da ya buɗe baki na ji Hausar Damagaram, na kusa rungume shi. Sunansa Malam Barka, tsohon soja ne, kuma an rantsar da shi kada ya ƙara kada ya rage. Suka tambayi aikina da abin da nake samu, na faɗa. Sai babbansu, mai gilashi, ya yi magana.

"Yana tambaya," in ji Malam Barka, "kana da wani abu a ƙasarku? Gona, dabba, gida?"

Shekara biyar ina garin nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Mabruka kaɗai ke saurarona, ita ma ta tafi. Na gyara tsayuwa.

"Malam, gaya masa rumbunanmu huɗu ne. Guda ɗaya, ranar da na fito, shekararsa uku ba a buɗe shi ba."

Malam Barka ya yi tari. Ya ce, "Naka ne kai kaɗai, ko na gidanku?"

"Mene ne bambancin?"

"Ɗan'uwa, ina tambayarka, naka ne?"

"Na gidan ubana ne, ni kuma ɗan gidan ne. Ko ka ga alamar tsintacce a jikina?"

Ya dube ni, ya juya ya faɗa musu. Gaskiyar magana ita ce duk na gandu ne, na gida gaba ɗaya, a hannun yayana Isufu, mutum sama da ashirin ke ci a ciki. Nawa na kaina 'yar gayauna ce da ba ta wuce dami goma ba. Amma a Damargu wa zai tsaya gaban baƙo ya ce abin gidansu ba nasa ba ne? Sai wanda aka kora.

Na ci gaba. Na faɗi gonarmu, daga babban gawo har bayan tudu, wadda mutum ba ya jin kiran ɗan'uwansa daga wannan baki zuwa wancan. Na faɗi awaki, na faɗi shanu bakwai da ke hannun Fulani wajen Tenhiya, na faɗi raƙuma biyu, na faɗi rijiyar da kakana ya haƙa. Ina faɗa ina ganinsu. Na ga mahaifiyata zaune a inuwar rumbu tana sussuka, na ji ƙanshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. Ba su tambaye ni launin shanun ba, amma na faɗa. Alƙalamin mai rubutu sai gudu yake yi, mai gilashi yana gyaɗa kai, ni kuwa daɗi ya cika ni. Na ce a raina yau sun san ba bawa ne a gabansu ba, sun san yarinyar ba za ta kwana da yunwa ba. Na rufe da cewa, "Gaya masa ko 'ya'ya goma ne zan iya riƙewa."

A bakin ƙofa Malam Barka ya cim mini, ya kama hannun rigata. "Kai wane irin mutum ne? Sau biyu ina buɗe maka ƙofa kana rufewa! Nan ba wurin shari'a ba ne, wurin auna talauci ne. Mai rumbu huɗu da shanu bakwai wa zai ba shi lauyan sadaka?"

Na ce, "Amma suna Damargu, tafiyar wata huɗu. Ko ƙwayar gero ɗaya ba ta isowa nan."

"Takarda ba ta san nisa ba," in ji shi.

Bayan mako biyu amsa ta fito, an hana ni. Dukiyata ta wuce ma'auni. A ranar, abin da na mallaka a Tunas tabarma ce, da riga biyu, da tukunyar Mabruka.

Malam Barka bai yar da ni ba, Allah ya saka masa. Ya koma ya yi musu bayanin gandu, suka ce to, a rubuta wa kumandan, Baturen mulki na barikin Tanut can ƙasarmu, ya bincika, in ya tabbatar ba ni da komai nawa na kaina, za su sake dubawa. Aka aika. Na jira wata goma sha ɗaya. A cikinsu ban ga Uwani ko sau ɗaya ba, don an gaya wa masu gadin lungun kada su bar ni in wuce.

Ranar da amsa ta zo, Malam Barka ya kira ni gefe ya karanta mini. Kumandan ya kira mai gari, mai gari ya kira yayana Isufu, aka tambaye shi ko ƙanensa Mutari matalauci ne marar komai. Na san Isufu, kuma na san yadda ya ji wannan tambaya a gaban jama'a. Ya ce ƙanensa ba matsiyaci ba ne, duk abin da ke gidan nasa ne, in ma wani abu ya same shi a can su ne masu tsaya masa. Ya lissafa rumbunan nan huɗu, har ya ƙara da doki wanda ban san an saya ba.

Malam Barka ya ce, "Ku mutanen Damargu, Allah ya shirye ku. Da kai da yayanka duk ƙwarya ɗaya kuka sha."

Ni ban ma ji shi ba. A ƙasan takardar an jera mutanen gida, na ce ya karanta mini su. Sunan mahaifiyata na ciki. Tana raye. Shekara bakwai ban san haka ba. Can gefe kuma ga inda Isufu ya dangwala babban yatsansa, da tabon nan na lauje da ya raba shi biyu tun muna yara. Na roƙi Malam Barka ya bar ni in taɓa wurin. Takardar da ta kashe mini magana ke nan, amma na tsaya a bakin biro ina shafa ta ina kuka, ban kuma iya jin haushin Isufu ba, har yau.

Ba sauran hanya sai in tara kuɗin lauya da kaina. Na bar dako na koma sayar da ruwa, ina ɗaukar salka a baya ina bi gida-gida, kuma da gangan na zaɓi unguwar su Lalla. An canja masu gadi, ni ma na rame na tara gemu. Matan gida ba sa ganin mai ruwa, a zaure yake juyewa cikin randa ya fita. Tsohuwar mai aikin gidan, wadda ta yi wanki tare da Mabruka, ta gane ni tun ranar farko. Ta dube ni, ta dubi cikin gida, ta buɗe mini murfin randa. Shekara biyu tana rufa mini asiri.

Uwani takan fito ta tsaya kallon ruwa yana zuba. Ta yi tsawo, an huda mata kunne, an sa mata 'yan kunnen azurfa. Goshin mahaifiyata ne da ita sak. Ba ta gane ni ba. Takan yi mini surutu da Larabci, in amsa da ɗan abin da na iya. Wata rana ta ba ni rabin gurasarta, ta ce na cika rama. Mutane sukan tambaye ni me ya hana in gaya mata. Tsoro ne na farko, in ta faɗa a ciki an rufe mini ƙofar ke nan. Na biyu kuwa, 'yar fari ce. Mu ba mu saba ɗaukar ɗan fari a gaban mutane ba, ba ma kiran sunansa, ba ma wasa da shi. Haka ubana ya yi wa Isufu, kuma Isufu bai taɓa shakkar waye ubansa ba, don duk gari na gaya masa. Na manta cewa a nan ba garin da zai gaya mata. Nakan juye ruwan a hankali don in daɗe.

Da kuɗin suka cika na kai wa wani lauya, mutumin kirki ne daidai gwargwado. Ya ce da na zo shekara uku da suka wuce, da maganar ba ta da wuya. Yanzu shaidun aurena ɗaya ya mutu, ɗaya ya koma Tarabulus ba a san inda yake ba, Baba Tanko kuma tsufa ya fara rikita masa lissafi. Aka dai sa rana.

Lauyan su Lalla ya tashi ya ce wannan mutum mai tallan ruwa ne, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, har ya taɓa neman lauyan sadaka, ina zai kai yarinya? Na ce wa Malam Barka, wanda nan ma shi ne tafinta, "Su fito da takardar Tanut mana! Ba su ne suka ce ni mai arziki ne ba?" Aka fito da ita. Lauyan ya ce wannan ai dukiyar yayansa ce, a wata ƙasa mai nisa. Maganar da na yi shekara ina roƙon a yarda da ita, ranar aka yarda da ita, don a kayar da ni.

Alƙalin dattijo ne, ya ce a kawo yarinyar. Ta shigo riƙe da hannun tsohuwar mai aiki, tana kalle-kalle. Ya sassauta murya ya nuna ni, ya tambaye ta ko ta san wannan mutum. Da ta gan ni fuskarta ta washe, don ni kaɗai ta sani a cikin mazan da ke ɗakin.

"Na san shi," in ji ta. "Shi ne mai kawo mana ruwa."

Malam Barka bai fassara mini ba, ya san na ji. Alƙali ya ce ba a tabbatar da aure ba, ba a tabbatar da haihuwa ba, yarinya ta zauna inda ta saba. Washegari gidan Lalla suka ɗauki wani mai ruwan.

Na ƙara wata uku a Tunas ina zagaya unguwar daga nesa, har Baba Tanko ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, ni na tsufa a nan don ba ni da inda zan koma. Kai kana da uwa." Na kama hanya. Ban tuna komai na dawowar ba sai ƙishirwa.

Na iso gida ana girbi. Mahaifiyata idonta ya tafi, da hannu ta laluba fuskata. Da na ba ta labari sai ta ce, "Takwarar tawa tana cin abinci dai?" Na ce tana ci, Inna. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta juya fuska ga bango. Isufu kuwa, da ya gane abin da amsarsa ta jawo, kwana uku bai iya haɗa ido da ni ba.

Da rani malamin ƙidaya ya zo daga Tanut da gardi biyu, don rubuta kawunan da za a biya wa haraji. Kowa ya san yadda ake yi. Tun da safe aka kora yara jeji da awaki, mai 'ya'ya shida ya ce uku gare shi, mai gari yana kallon sama. Aka zo kaina, malamin ya ce, "Kai kaɗai ne, ko?"

Na ce, "Mu biyu ne. Ina da 'ya."

Isufu ya ja mini riga ta baya. "Ka haukace? Wa zai biya wa wadda ba ta nan?"

Malamin ya ce, "Ina take?"

"Tana arewa."

"'Yarka ce ta cikinka?"

"'Yata ce."

Bai nemi shaida ba, bai nemi lauya ba, bai tambayi rumbu nawa gare ni ba. Ya tsoma alƙalami ya rubuta ta ƙarƙashin sunana. Na ce ya nuna mini wurin, ya nuna, ko da yake ban iya karatunsu ba. A duk duniya wannan ce takarda ɗaya da ta ce Uwani 'yar Mutari ce.

Na yi aure daga baya, na haifi waɗansu, sun girma. Kowace shekara ina biya mata, har shekarun da fara ta cinye gero muka ci ganye. Bara wani sabon malami ya zo, yaro mai tausayi. Ya ce, "Baba, wannan ba wanda ya taɓa ganinta a garin nan. Bari in share ta, ka huta."

Na dafe littafin da hannuna, na ce ya bar ta inda take.